Gita biyu, kamfani ɗaya, hali daban

Duk wanda ya ce maka gitar lantarki ta kamfani kaza duk kyau gare su, ko kuma duk banza ne, toh bai taɓa buɗe cikinsu da yawa ba. Ni aikina gyaran rediyo ne da ampili, wato na'urar ƙara sauti, a nan Garwa, gitar ma ta bayan fage ta shigo min, masu kiɗan biki da yaran coci da 'yan situdiyo su kawo ampili sai su ce Malam dan Allah duba mana wannan ma tana ƙugi, a haka a haka har ta kai yanzu daga Marwa da Ngaundere ana aiko min da su a mota. Abin da na gani kuwa shi ne za ka samu gita biyu suna ɗaya, samfuri ɗaya, fenti ɗaya, lambobinsu ma kusa da juna, amma ɗaya tana shiga hannu kamar don kai aka yi ta, ɗayar kuma sai ka yi kokawa da ita kafin ta ba ka sauti mai tsafta. Kuma mafi yawan lokaci ba katakon ba ne ke kawo wannan bambancin, ƙananan kayan da aka ɗaura a kai ne da kuma hannun mutum na ƙarshe da ya taɓa ta kafin a rufe kwali.

Katakon dai yanzu inji ke yanka shi, injin da kwamfuta ke tuƙawa, CNC. Ko a Amurka ko Mekziko ko Indonesiya ko Sin, in aka ba shi zane zai fitar da jiki dubu duk girmansu ɗaya, ramin wuya ɗaya, gurbin firet ɗaya, wato ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan gita inda ake danna tsirkiya. Shi ya sa gita mai araha ta yau ta fi mai araha ta da can nesa ba kusa ba, wannan kam ba gardama. Tsawon tsirkiya a irin ta kamfanin Fender na Amurka milimita 648 ne, a irin ta kamfanin Gibson wajen 628, kuma firet na 12 dole ya faɗo a tsakiya, wato in ka sa tef daga ɗan ƙashin saman wuya zuwa firet na 12 a kan Stratocaster ta Fender, wadda ake ce wa Strat, ka ga 324. Na daɗe ban ga gitar kamfani sananne da ta kuskure wannan ba. Jabun nan da ake manna musu sunan manyan kamfanoni su shigo ta Dubai ko Legas, su kam wani lokaci har wannan ma sai su ɓata, amma wannan wata magana ce.

Shi kansa tunanin haɗa gita da sassan da za a iya cirewa a musanya, Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin Fender, shi ne ya yaɗa shi, kuma abin da ke burge ni mutumin mai gyaran rediyo ne irina, bai ma iya kaɗa gita ba. A Fullerton ta jihar Kalifoniya ya fitar da wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster a 1950, sai Stratocaster a 1954, wuya da sukuru huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace ka kwance ka sa wani. Gibson kuwa da suka fitar da Les Paul a 1952 manne wuyan suka yi da gam. Ka ga ɗaya tunanin makaniki ne ɗaya na kafinta. A wurinmu da ba mu da masu gyaran gita na ainihi, wallahi tunanin makanikin ya fi mana amfani, domin wuyan da aka manne in ya karye a kai, kuma irin na Les Paul sun yi suna wajen karyewa a nan in suka faɗi, ba kowa zai iya ɗora shi ba.

Toh bari in zo kan abin da na fi sani, wayoyi. Abin murɗa sauti ɗin nan, bolim da ton, mu muna ce masa potansiyo, a jikinsa za ka ga an rubuta 250K ko 500K. Mikiro shi ne abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta, kuma yawanci masu mikiro siriri irin na Strat 250 ake sa musu, masu mikiro tagwaye 500. Amma rubutun nan alkawari ne kawai, masu ƙera su da yawa sun yarje wa kansu kuskuren kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, ma'ana wanda aka rubuta wa 500 zai iya zama 400 zai iya zama 600 kuma duk a wurinsu lafiyayye ne, ya wuce gwaji. Wanda ya yi ƙasa yana danne kaifin sauti ya sa gita ta yi duhu, wanda ya yi sama kuma ya bar ta tana tsawa. Wani mai ƙungiyar kiɗa ya taɓa kawo min gita biyu da ya sayo tare daga Duwala, sababbi fil, ya ce Malam ɗayar nan kamar mura take yi, ko mikiro ɗin ne jabu. Na kwance marfin baya na cire waya ɗaya na ɗora mita a ƙafafun gefe biyu na bolim ɗin, ta farko ta nuna ɗari biyar da 'yan kai, mai murar kuma da ƙyar ta haura ɗari huɗu. Mikiro ɗinsu na auna kusan ɗaya suke. Ya riga ya fara lissafin kuɗin sabon mikiro, alhali abin da ke damunsa bai kai kuɗin cin rana biyu ba. Na canja masa, ya jona a ampili ya buga, ya ce kai, ashe!

Kuma fa kamfanin da sunansa ke kan gita ba shi ke ƙera waɗannan ba, saye yake. Potansiyo daga wani wuri, maɓallin canja mikiro daga wani, soket daga wani, kunnuwan ɗaure tsirkiya daga wani. A gita mai tsada za ka ga CTS ko Switchcraft ko Gotoh ko Grover, a ta tsakiya ka ga Alpha, a ta ƙasa kuma ka ga wani ɗan mitsitsi ba suna ba lamba. In mai kawo musu kaya ya canja a tsakiyar shekara ba wanda zai sanar da kai, samfurin bara da na bana suna ɗaya amma cikin ya bambanta. Har ma gitar gaba ɗaya ba dole ba ne mai sunan ya ƙera ta. Kamfanin Cort na Koriya yana da masana'anta a Surabaya ta Indonesiya, ya daɗe yana ƙera wa Ibanez da Squier da PRS masu sauƙin kuɗinsu, Samick ma haka ya yi wa kamfanoni da dama. Saboda haka yaran da ke musu a WhatsApp wai wannan suna ya fi wancan, wani lokaci a ƙarƙashin rufi ɗaya aka yi su, abin da ya raba su shi ne nawa mai sunan ya yarda ya biya a kan kaya, da minti nawa ya yarda ma'aikaci ya ɓata a kan kowace.

Mintocin nan su ne komai. Abin kamar babur ɗin da ke zuwa a kwali ne, kamfani ɗaya, amma wanda makaniki mai haƙuri ya haɗa daban yake da wanda yaron shago ya ɗaure da gaggawa don a kira sallah. Inji zai yanka gurbin firet daidai, amma bayan an danna ƙarafan sai an bi su an daidaita tsayinsu, an zagaye kansu, an goge bakinsu, an yanka gurbin kowace tsirkiya a ƙashin sama daidai zurfinta, a nan ne ake tsimin lokaci. Firet ɗaya tak in ya ɗara 'yan'uwansa tsayi da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, tsirkiya za ta riƙa zizar a wurin, sai mai gita ya ɗaga jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kansa a jikin gita, sama don ya gudu daga zizar, sai tsirkiya ta yi nisa da wuya, yatsu su yi ta ciwo, yaro mai koyo ya ce shi ba shi da baiwa ya ajiye. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Akwai wani injin Jamus mai suna Plek da ke auna firet ya goge su da kansa, Gibson na amfani da shi, amma kar ka sa ran gitar da ta iso hannunmu ta Kusiri ko ta kasuwar Sabon Gari ta Kano ta taɓa ganinsa.

Ƙashin saman kuma, a masu araha roba ce aka zuba a mazubi, wani lokaci cikinta ma fanko ne. In gurbin ya matse tsirkiya, kana murɗa kunne sai ka ji ƙas, ta tsallake wurin da kake so, kana fara kiɗa ta sake saki. Mutane sai su ɗora wa kunnuwa laifi su ce ba sa riƙewa, su je su sayi sababbi, matsalar tana nan. Ni kafin in taɓa kunne sai na goga bakin fensir a cikin gurbin tukuna, rabin lokaci shikenan an gama. In ya ƙi sai in sassaƙa sabo da ƙashin saniya, wannan kam ba mu rasa shi ba a garin nan, mahauta ma dariya suke min in na je nema, a dafa shi a cire maiƙon a shanya ya bushe sosai, ya fi robar nan sau nawa.

Wani abin da nake so masu cewa kayan da sun fi na yanzu su sani, na da ɗin ma ba daidai suke da juna ba, sun ma fi na yanzu bambanta. Mikiro ba komai ba ne illa mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla mai kamar gashi, na Strat wajen zagaye 8,000. A shekarun 1950 ma'aikatan Fender, yawancinsu mata, da hannu suke bi da wayar tana naɗuwa, ɗaya daga cikinsu Abigail Ybarra ta shiga kamfanin a 1956 ba ta bar aiki ba sai 2013, har mutane na neman mikiro mai sa hannunta. A Gibson kuma tagwayen mikiro ɗin da Seth Lover ya ƙirƙiro, waɗanda suka fara fitowa a kan Les Paul a 1957, ba a tsayar da naɗinsu a lamba ɗaya ba, in ka auna su wani wajen 7K wani ya doshi 9K. Yau Turawa na zuba kuɗi masu yawa a kansu, rashin daidaiton da za mu kira aibi a gitar Sin su a can sunansa hali. Ni dai abin yana ba ni dariya. Kuma babban suna bai hana lalacewa ba, bayan CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, ta sayi Fender a 1965 a kan dala miliyan 13 aka shiga yawan fitarwa, a shekarun 1970 masu kiɗa suka yi ta kukan nauyi da kaurin fenti da wuya mai sukuru uku da ke motsi a raminsa, har kamfanonin Japan da ke kwaikwayonsu suka zo suna yin wadda ta fi ta asalin kyau. Dole ta sa a 1982 aka buɗe Fender ta Japan aka fito da Squier, wato Fender mai sauƙin kuɗi, a 1985 kuma CBS ta sayar wa ma'aikatan kamfanin. Saboda haka ƙasar da aka rubuta a bayan kai ba ta isa shaida ba, sai ka haɗa da shekara, kuma ko ka haɗa sai ka riƙe ta a hannu.

Sai kuma namu na nan, yanayi. Masana'antun nan suna busar da katako su haɗa gita a ɗakin da danshinsa ke wajen kashi 45 zuwa 55. Mu kuwa daga hunturu zuwa bazara a Garwa da Marwa da Njamena danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura 40, sannan damina ta zo komai ya jiƙe. Katakon fuskar wuya yana tsukewa in ya bushe, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakunansu su leƙo ta gefe, ka shafa hannu ka ji kamar zarto. Wani yaro ya zo min da ɗan yatsa a yanke yana cewa an cuce shi an sayar masa da jabu, na ce ƙanena ba jabu ba ce, a Duwala lafiya lau take, iskar arewa ce ta sha ta. Na rufe katakon da salatif na bi bakunan da ƙaramin magagari a kwance, a hankali, na ƙarasa da samfefa mai laushi, kuma wannan aikin a tsakiyar rani ya kamata a yi shi lokacin da katakon ya gama tsukewa, in an yi sau ɗaya yawanci ba ya dawowa. Amma a nan ne ake gane kamfanin da ya busar da katakonsa da kyau da wanda ya yi gaggawa, domin wuya mai kyau zai ɗan lanƙwasa ne kawai ka sa alanki a ƙarfen cikinsa ka juya kwata ya dawo, marar kyau kuwa murɗewa yake kamar igiya, gefen tsirkiya mai kauri ya yi gabas na siririya ya yi yamma, wannan ba alankin da zai gyara shi.

Ƙura ma tana nata. Potansiyo mai araha bakinsa a buɗe yake, hunturu ɗaya ya isa ya fara ƙarar yashi in ka murɗa. Soket kuma ƙarfensa laushi gare shi, ana cusa fish ana zarewa sai ya saki, notinsa ya kwance, mai gita ya yi ta juya shi daga waje har wayar ciki ta tsinke. Ƙugin da ake yawan kawo min kuwa kashi biyu ne, akwai na gita, inda aka yi likin dalma na ganin dama ko aka manta wayar da ke zuwa jaki ko ba a shafa komai a ramin da zai tare hayaniya ba, akwai kuma na gidajenmu da yawancinsu ba a ja musu wayar ƙasa ba, balle in janareta ake kiɗa da shi a filin biki. Na biyun ko gitar miliyan ka kawo sai ta yi, musamman mai siririn mikiro, kuma in kana taɓa tsirkiya kana jin wuta na ɗan cizonka, ajiye ta a duba ampili da layin wutar, wannan ba abin wasa ba ne.

Abin da ke ɗan ci min rai shi ne katakon ma wani namu ne. Baƙin katakon eboni da ake shimfiɗawa a fuskar wuyan gita masu tsada, da yawansa daga dazukan kudancin Kamaru yake fita. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yankan katako ta Crelicam a Yawunde, kuma shi Bob Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Taylor, da bakinsa ya ce ya tarar masu sara kan kayar da itace wajen goma kafin su sami ɗaya mai baƙi ƙirin, sauran masu ratsi a bar su a daji su ruɓe, daga nan ya fara sayen masu ratsin yana sa wa gitarsa. Bubinga ma daga nan yankin ne, okume daga Gabon, sannan mahoganin Afirka da ake jikin gita da shi ɗan'uwan maɗacin nan ne da ke bakin titunanmu. Su fita a gungume su dawo mana a fente da kuɗin da ba ma iya biya. Dokar CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta Janairun 2017 da ta ƙuntata cinikin katakon rozwud da ake sa wa fuskar wuya, ita ma ta canja kaya ba tare da an canja suna ba, kamfanoni suka koma katakon pau ferro da laurel a masu sauƙin kuɗi, kuma ko da aka sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019 ba duka suka koma ba. Shi ya sa za ka ga samfuri ɗaya, na 2016 fuskarsa duhu na 2018 ja-ja, mai saye ya ɗauka jabu ce.

In za ka saya, ni shawarata ka fara da abin da ba ya canjuwa. Ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa ƙasa ka ga ko ya murɗe. Danna tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, a tsakiya ya kamata ka ga 'yar tazara kamar kaurin katin waya ko ƙasa da haka. Bi kowane firet ɗaya bayan ɗaya, ko mai shago zai ɓata rai, ka ji inda ke zizar ko inda sauti ke mutuwa. A tambaya a gwada maka ƙarfen cikin wuyan yana juyawa, don na ga sabuwa dal da nata ya riga ya cije tun daga masana'anta. In duk wannan lafiya, toh ƙarar bolim da soket mai rawa kar su hana ka, sai dai ka nemi ragi da su. In kuma akwai uku irinta a shagon ka ce a fito da duka ukun, nauyinsu ma ba zai zo ɗaya ba tunda itace ba ya girma iri ɗaya, kuma mai tsayuwa da ita daga la'asar har dare a gidan biki shi ya san darajar rabin kilo. Matsalarmu dai yawanci ba ma ganin kaya kafin mu biya, hoto ake turo mana a waya daga Duwala ko Kano, a sa a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko a bayan mota, toh aƙalla a samu wani mai kiɗa a can ya taɓa maka ita, kar ka bar wa ɗan'uwanka mai sayar da atamfa ya zaɓa da launi.

Masu son canja kaya kuma ku yi hattara da awo, nan ne kuɗi ke ƙonewa a banza. Gitar Amurka da inci ake yin kayanta, ta Asiya da milimita. Potansiyon CTS wuyansa ya fi ramin gitar Asiya kauri, sai an faɗaɗa ramin, kuma hular bolim ɗinka ta da ba za ta shiga ba don haƙoransa 24 ne na Asiya kuwa 18, in ka matsa da ƙarfi ka fasa. Jakin Strat na tsohon awo tazarar tsirkiyarsa wajen milimita 56 ce, na yawancin masu araha wajen 52 da rabi, ramukan sukuru ba sa haɗuwa, haka faifan robar gaba ma sau da yawa ramukansa ba sa faɗawa kan na da. Kafin ka tura wa kowa kuɗi ya sayo maka, kwance naka ka auna da ma'auni mai kyau, ka ɗauki hotonsa tare da awon a jiki ka tura, kuma in potansiyo ne ka ce a sayo fiye da buƙata, in sun iso a ɗora musu mita a zaɓi waɗanda suka fi kusa da lambar da aka rubuta, ragowar ni ina saye don ampili.